Kafin Ka Kira Mai Fenti

Ɗana, idan Allah ya hore maka tsohuwar babbar mota kana son ka tayar da ita, to madalla, da tsohuwar zuma ake magani. Mercedes 911 ɗin nan mai gajeren hanci, wadda aka fara ƙera irinta a Jamus tun 1959, har gobe tana kwasar hatsi a kasuwar Dawanau, kuma ba komai ya kawo ta yau ba sai hannun masu haƙuri. Na san niyyarka ta alheri ce, halal kake nema ka ciyar da iyali. Abin da nake jiye maka shi ne gaggawa, domin ita ce take sa mutum ya gyara abin da ido ke gani, ya bar wanda rai ya rataya a kansa.

Ka fara daga ƙasa. Ka sa a ɗaga bodi, a wanke shasi, a kankare tsatsa, ka tsuguna da kanka ka bi shi da fitila, musamman inda sifirin ya kama, don nan ne tsagewa take ɓuya. Idan ka ga tsaga ko da siririya ce, kada ka yarda a shafe ta da walda kawai a rufe da baƙin fenti, domin ranar da aka yi lodi gefen waldar ne zai sake buɗewa. A huda ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a gyara, sannan a ƙarfafa wurin da ƙarfe a ɗaure da kusoshi.

Haka injin. Silinda shida gare shi, kuma idan sun cinye, sabon ringi ba zai hana shi shan baƙin mai da hayaƙi ba, sai dai ka biya kuɗin aiki sau biyu. Ka bar bakanike ya auna komai a tsanake, kada ka tsaya masa a ka kana cewa akwai lodin jibi. In za ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman kayan gyara, ka tafi da tsohon a hannunka ka gwada, ka kuma tuna araha ba ta ado. A wanke lagireto, domin zafi ɗaya ya isa ya ƙona duk wahalarka. In an tayar da injin, a bi shi a hankali da kaya marasa nauyi, a juye mai da wuri.

Amma birki, ɗana, a nan ne ba na son ka yi ciniki ko kaɗan. A canza duk tiyon da ya bushe, a saurari inda iska ke zurarewa, direba kuma ya saba da zubar da ruwan da ke taruwa a tankin iska kowace safiya. Ranar da motar nan ta doshi gangara da kaya a bayanta, ran direbanka da na yaron mota da na mai babur da ya goyo ɗansa duk amana ce a wuyanka, kai da ka san inda aka yi ha'inci ko aka yi gaskiya.

In kuɗi sun ƙare kafin birki ya kammala, ka ajiye motar, babu kunya a ciki. Gara ta ƙara wata guda a gareji kana cizon yatsa, da a kira ka cikin dare a ce ka yi haƙuri. Allah ya ba ka arziki mai albarka, ya tsare hanya.