Wa ke da alhakin ƙibar yaro?

Wata uwa ta bugo waya a shirinmu na safe, ranta a ɓace. Likita ya ce ɗanta ya yi ƙiba, ita kuwa ta taso ne a gidan da ake ɗaukar kumatu alamar wadata. Ta ce, ina ruwan gwamnati da tukunyarta?

Na fahimce ta, amma ban goyi bayanta ba. Yaro amana ne, ba shi ya zaɓi abin da ake zuba masa ba, kuma ciwon sukarin da zai biyo baya shi kaɗai zai ɗauka. Don haka ban ga zalunci a harajin da Meziko ta ɗora wa lemon zaƙi a 2014 ba, ko wanda Ghana ta sa a 2023.

Inda nake tuhumar hukuma daban ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro na bukatar motsa jiki na minti 60 kullum. A ina zai yi? Filin da muka yi langa da ƙwallo a unguwarmu an yanka shi fuloti-fuloti an sayar, yaran sun koma zaure da waya a hannu. Takardun sayarwar kuwa, hatimin hukuma ne a kansu.