Dutsen Giranit da Iyakar Abin da Hankali Zai Iya Sani

Daga cikin tambayoyin da malaman tauhidi da na falsafa suka daɗe suna jujjuyawa akwai wadda ta shafi iyakar ilimin ɗan Adam, wato ko mutum zai iya yanke hukunci a kan abin da ya auku tun babu mai gani, babu mai ba da labari. Tambayar takan taso da ƙarfi idan masanin duwatsu ya ce Dutsen Kufena na Zariya ya daskare ne can ƙarƙashin ƙasa kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, domin wasu masu tsoron Allah sukan ji kamar an yi shisshigi a cikin gaibi, wanda saninsa na Allah ne shi kaɗai. Wannan damuwa daga tsoron Allah ta fito, saboda haka ta cancanci amsa ta hujja.

Kufena da ire-irensa na giranit ne, dutsen nan mai tauri da ake farfasawa a samu tsakuwar gini. Idan jikin irin wannan dutse ya bayyana a doron ƙasa da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 100, masana sukan kira shi batolit, kalmar da aka haɗa daga Girkanci da ma'anar dutsen zurfi, kuma akwai manya irinsa a tsaunukan Siyera Nebada na Amurka da gaɓar tekun Peru. Bayaninsu shi ne cewa ɓawon ƙasa, wato fatar dutse da ta lulluɓe duniya, yakan narke daga ƙasa idan zafi ya yi tsanani, narkakken ya taso sama saboda ya fi abin da ke kewaye da shi rashin nauyi, sannan ya maƙale a zurfin kilomitoci ya huce a hankali. Ruwan sama da iska ne suka zaizaye abin da ya rufe shi har ya fito fili.

Duk wanda ya ɗauki guntun giranit ya kusanto da shi ido zai ga ƙwayoyi iri uku sun sarƙe da juna ba tare da wani gurbi ba: masu kama da gilashi, da farare ko masu jaja-jaja waɗanda a wasu duwatsun sukan kai tsawon gaɓar yatsa, da baƙaƙe masu ƙyalli da ke ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ƙwaya ba ta girma haka sai narkakken dutse ya samu dogon lokaci yana hucewa, shi ya sa dutsen da aman wuta ya zubar a sarari, wanda ya huce da gaggawa, ƙwayoyinsa ba su cika ganuwa ba. A 1785 masanin duwatsu James Hutton ya tarar a kwarin Glen Tilt na Sukotilan jijiyoyin giranit sun kutsa cikin tsagogin wani dutse dabam, abin da ba zai yiwu ba sai idan giranit ɗin ya shiga yana ruwa-ruwa, kuma da wannan ya ƙalubalanci mazhabar Abraham Werner da ke cewa daga ruwan teku ya kwanta. A 1958 masana Tuttle da Bowen suka wallafa gwaje-gwajen da suka nuna cewa haɗin ma'adinan giranit, idan akwai ruwa da matsi, yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 700 ba.

Wannan hanya ita ce malaman tauhidi suke kira istidlali, wato kafa hujja da abin da ake gani a kan abin da ya faku, kuma da ita maharbi yake gane daga sawu cewa barewa ta wuce da asuba. Gaibin da aka keɓe wa Allah, kamar lokacin tashin alƙiyama, bai bar sawun da hankali zai bi ba, alhali kuwa dutse cike yake da sawu. Ko a mazhabar Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da ya ce wuta ba ta ƙona auduga da ikon kanta, Allah ne yake halittar ƙunar a yayin haɗuwarsu, al'adar da Allah ya gudanar tana nan daram, kuma a kanta manomi da likita suke dogaro kullum. Masanin da ya auna yuraniyom da ya rikiɗe ya zama dalma a cikin ƙwayar ma'adinin zarkon, ya lissafa shekarun dutse, al'adar nan yake karantawa.

Sai dai sawu ba duka yake da tsabta ɗaya ba, kuma a nan ne ya kamata mai ilimi ya san inda zai sassauta murya. Tun ƙarni na 19 ake taƙaddama a kan yadda batolit mai girman lardi ya samu masauki a cikin ɓawon da ba shi da rami. Wasu sun ce ya taso ne dunƙule guda yana ture maƙwabtansa, wasu sun ce rufin da ke kansa ne yake ɓantarewa yana nutsewa a cikinsa, suna kafa hujja da baƙin duwatsun da ake samu a tsakiyar giranit, wasu kuma sun ce ta tsagogi ya riƙa hawowa. A 2004 Coleman da Glazner da abokin aikinsu suka nuna cewa giranit ɗin Tuwolomi da ke Yosemite a Amurka ya taru ne kashi-kashi cikin kimanin shekaru miliyan 10, abin da ya girgiza tsohon zato na ƙatuwar tukunya guda mai tafasa.

Saboda haka cewa giranit ya taɓa narkewa magana ce da ta kusa kai yaƙini, shekarunsa ƙiyasi ne mai ƙarfi da ake faɗa tare da iyakar kuskurensa, yadda ya samu wuri kuwa zato ne da har yanzu ake gyarawa. Malamin makaranta da ya gabatar da ukun da murya ɗaya ya zalunci ɗalibansa, haka ma mai wa'azin da ya haramta ukun da fatawa ɗaya, kuma babu ɗaya daga cikin maganganun ukun da ya shiga hurumin gaibi.