Wasa a Bakin Rami

'Yan uwana mata, ran nan a ajinmu na Turanci malama ta rubuta brinkmanship a allo. Ta ce brink bakin rami ne, wato mutum ya ja rigima har gab da halaka don abokin gaba ya tsorata ya janye. Ta kawo misalin Oktoban 1962: Rasha ta girke makamai masu linzami a Kuba, Shugaba Kennedy na Amurka ya tare hanyar teku, duniya ta kwana 13 cikin fargaba kafin Rasha ta yarda ta kwashe. Ashe Amurka ma ta yi alkawari a ɓoye za ta cire nata daga Turkiyya.

Wallahi sai gabana ya faɗi, don na daɗe ina wannan wasan ban san sunansa ba. Sau nawa na ce wa maigida "ba ni takardata" alhali ko zaure ba na son leƙawa? Yakan sauko, ya lallashe ni. To amma daidai ne in razana mutum da abin da ni kaina nake tsoro? Su waɗancan manyan sun bar wa juna ƙofar fita. Ni ban taɓa bar masa ba, ga shi kuwa kullum da biro a aljihunsa.