Ɗaure Raƙumi a Zamanin Salula: Nasiha Kan Tsare Amana a Intanet

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai tsare bayinSa dare da rana. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda ga Shehu Ahmad Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass da sauran bayinSa na gari. Bayan haka:

Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san cewa da wuya a shiga gida a Buza, ko Keita, ko Madawa, a rasa ɗan ci-rani. Wani yana Abijan, wani Legas, wani Libiya ko Aljeriya. A da, sai an samu mai zuwa gida ake ɗaure kuɗi a ƙyalle, a haɗa da kaset ɗin gaisuwa, a yi makonni ana jira. Yau kuwa ɗa yana turo wa tsohuwarsa kuɗin hatsi ta Nita, ko Al Izza, ko Amana, ko Airtel Money, kafin ta gama tuwon dare saƙo ya iso. Mai albasa a kwarin Tarka yana yin ciniki da mutumin Akara bai bar bakin garkarsa ba. Murid a Karofane ko Tamaske yana sauraron karatun Kaulaha a wayarsa. Wannan ni'ima ce, kuma wajibi ne a gode mata. Sai dai hanyar da alheri ya biyo ita ce ɓarawo ma ya biyo, kuma ɓarawon yanzu ba ya haura katanga. Sallama yake yi, a buɗe masa.

Yadda abin yake faruwa

Salon kusan ɗaya ne ko'ina. Wani ya kira muƙaddami ko dattijon zawiya, ya gaishe shi cikin ladabi, ya ambaci sunan Shehu, ya ce daga kwamitin Maulidi yake, za a sa shi cikin wani taro na waya. Ya ce yanzu wata lamba mai alƙaluma shida za ta shigo masa, ya karanto ta domin a yi masa rajista. Dattijo ya karanta da zuciya ɗaya. Wannan lambar kuwa ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinsa, wanda kamfani ke aikowa idan za a buɗe layin mutum a wata sabuwar waya. Nan take asusun ya koma hannun mai kira, da hoton dattijon, da sunansa, da duk zaurukan da yake ciki.

Daga nan sai saƙo ya faɗo zauren 'yan'uwa: wane yana asibiti, ana neman taimako cikin gaggawa, ko ana haɗa kuɗin motar ziyarar Kiyota, a tura ta wannan lamba domin tasa ta samu matsala. Wanda ke da jika biyu ya tura, mai jika goma ya tura, kowa yana murnar ya yi hidima. Sai an haɗu wurin wazifa, wani ya ce, "Sayyadi, ya jikin mai jiki?" sannan asiri ya tonu. Kuɗi sun tafi. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne gobe idan buƙata ta gaskiya ta taso, hannuwa za su yi sanyi, kowa yana kallon ɗan'uwansa da shakka.

Tawakkali ba sakaci ba ne

Akwai mai cewa, "Abin da Allah ya tsare ba mai taɓa shi." Maganar gaskiya ce, amma ana fakewa da ita a bar abin da Allah ya yi umarni da shi. Imam Tirmizi ya ruwaito daga Anas (RA) cewa wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ya dogara ga Allah, ko ya sake ta ya dogara. Sai aka umarce shi ya haɗa biyun, ya ɗaure kuma ya dogara. A hadisin Jabir (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, an umarci musulmi idan dare ya yi ya rufe ƙofa yana ambaton sunan Allah, ya rufe ƙwarya, ya kashe fitila. A nan zikiri da sakata tare suka zo, ba a ce ɗaya ya wadatar daga ɗaya ba.

Annabi Yaƙubu (AS), a Suratu Yusuf, ya hana ɗansa ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa. Daga baya ya umarci 'ya'yansa su shiga Masar ta ƙofofi daban-daban, yana mai shaida musu cewa hukunci na Allah ne shi kaɗai. A daren Hijira, Fiyayyen halitta ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru, aka ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya, Amiru ɗan Fuhaira yana kora tumaki a kan sawu domin ya shafe shi. Wanda ya fi kowa sanin Allah ke nan. To ina hujjar wanda ya bar wayarsa ba makulli a wurin mai caji a kasuwa, ya ce tawakkali yake yi?

Kyakkyawan zato da tabbatarwa

Nan ne wurin da ɗan ɗariƙa ya fi buƙatar natsuwa. An tarbiyyantar da shi kan kyautata zato, da girmama ma'abota Allah, da saurin amsa kiran hidima. Waɗannan ado ne, kuma macuci ya san da su, shi ya sa yake shigowa ta ƙofarsu. Yana buɗe shafi a Facebook da hoton wani shehi ko sharifi, ya ce yana karɓar hadiyya, ko yana ba da izinin wani sirri ga wanda ya turo kaza, ko ya yi mafarki an umarce shi ya yi wa wane addu'a idan ya aiko kuɗin rago.

Amsar tana cikin ɗariƙar kanta. Ba a karɓar wuridi daga kowane mai rawani. Sai an san muƙaddami, an san wanda ya ƙaddamar da shi, an san silsilarsa har zuwa Shehu. Shehu Tijjani (RA) da kansa ya yi wasicci cewa duk abin da aka jingina masa a auna shi da ma'aunin shari'a, wanda ya dace a riƙe, wanda ya saɓa a bari. Ibnu Sirin, kamar yadda ya zo a gabatarwar Sahihu Muslim, ya gargaɗi mutane su duba daga wa suke karɓar addininsu. Kuma Allah, a aya ta 6 ta Suratul Hujurat, ya umarci muminai su binciki labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cuci wasu cikin jahilci su wayi gari suna nadama. Annabi (SAW) ma da zai rubuta wa sarakuna, aka ce masa ba sa karanta wasiƙar da ba hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa yana buga shi a kan wasiƙunsa.

Saboda haka murid da ya kira muƙaddaminsa a lambar da ya sani tun da, ya ce, "Sayyadi, ku ne kuka aiko wannan saƙo?" bai munana ladabi ba. Mutuncin malaminsa ya tsare. Kuma kada a tsaya ga saƙon murya kaɗai, domin yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum. A kira a yi magana baki da baki, a tambayi abin da baƙo ba zai sani ba.

Ƙofofi uku

Wanda ya lura zai ga cewa macuci ta ƙofa uku yake shiga zuciya. Ta farko gaggawa da tsoro: "An kama ɗanka a kan hanyar Libiya, turo kuɗi yanzu," ko "Za a rufe layinka yau idan ba ka ba da lambarka ta sirri ba." Duk wanda ya hana mutum lokacin tunani da shawara, akwai abin da yake ɓoyewa. Ma'aikacin kamfani na gaskiya ba ya neman lambar sirrin kowa.

Ta biyu kwaɗayi, wanda Hausawa suka ce mabuɗin wahala ne: an ci kyautar da ba a shiga gasarta ba, ko tallafin wata ƙungiya ga wanda ya danna nan ya tura wa mutum ashirin, ko zuba jika hamsin a karɓi ɗari bayan wata. A Najeriya, tsarin MMM ya yi wa jama'a alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ya kuma rufe asusun mutane a watan Disamban 2016, dukiya mai yawa ta salwanta. Har yau irinsa na dawowa da sabon suna. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ta uku soyayya da tausayi, wadda bayaninta ya gabata. Maganin ukun ɗaya ne da abin da ake koya a zawiya: muraƙaba. Mai lura da zuciyarsa yana jin lokacin da ake ingiza ta, sai ya tsaya.

Igiyar da za a ɗaure raƙumin

Lambar da ta shigo ta saƙo, da lambar sirrin asusun kuɗi, ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce shi ɗan Shehu ne. Huzaifa ɗan Yamani (RA) ya samu laƙabin ma'abocin sirrin Annabi ne saboda ya iya riƙe abin da aka ba shi. Kada lambar sirri ta zama shekarar haihuwa ko 1234, kada kuma a rubuta ta a bayan waya. A WhatsApp akwai tabbatarwa mataki biyu a sashen asusu, inda mutum ke sa wata lamba shida ta kansa, ta yadda ko an saci ta farko ba za a shiga ba. A riƙa duba jerin na'urorin da ke haɗe da asusun, a cire wadda ba a sani ba. A sa wa wayar kanta makulli. Kada a aika hoton katin ɗan ƙasa ga wanda ba a sani ba. Idan waya ta ɓace, a gaggauta zuwa ofishin kamfani a rufe layin.

Ɗan kasuwa kuwa nauyinsa biyu ne, domin dukiyar mutane na hannunsa, kuma Allah ya yi umarni a Suratun Nisa'i a mayar da amana ga masu ita. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirarsa cikin minti ɗaya. Kada motar albasa ta tashi sai mai kaya ya duba asusunsa da idonsa, ko ya karɓi kuɗin a hannu. Wanda ya kira ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure a mayar masa, a fara duba ko da gaske wani abu ya shigo. Idan tsohon abokin ciniki ya aiko cewa ya sauya lambar da ake biyansa, a kira shi a tsohuwar a ji daga bakinsa. A raba wayar shago da wayar da yara ke wasa da ita. Kuma a ajiye littafin bashi na takarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Ita ma zawiya ta yi tsari: ma'aji sananne, lambar karɓar gudummawa guda ɗaya wadda aka sanar a gaban jama'a bayan wazifa ko zikirin Juma'a, kuma ba a sauya ta ta hanyar saƙo. Matasa masu karatun boko su ɗauki wannan a matsayin hidima. Zama da tsoho ko tsohuwar da ba ta iya karatu ba, a gyara mata wayarta, a fahimtar da ita abin da ba a faɗa wa baƙo, ba tare da mai taimakon ya riƙe sirrinta ba, bai gaza shimfiɗa tabarma a zawiya lada ba.

Wanda aka cuta, da wanda ya cuta

Wanda abin ya faɗa wa kada kunya ta sa ya yi shiru, domin shirunsa ne ke ba ɓarawo damar cin na gaba. Ya sanar da 'yan'uwa nan take, ya ajiye saƙonnin da lambobin, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarmomi. Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 kan laifukan intanet. A watan Yunin 2024 an yi mata gyara, aka maido hukuncin ɗauri kan ƙazafi da zagi da yaɗa abin da ke tada hankalin jama'a, don haka mai tura duk abin da ya gani shi ma ya kiyayi yatsansa. 'Yan'uwa kuma kada su yi wa wanda aka cuta dariya. Hadisi ya siffanta mumini da cewa ba a saransa sau biyu a rami ɗaya, wato sau ɗaya yana iya samun kowa.

Shi kuwa matashin da Shaiɗan ya ƙawata wa wannan aiki, yana kiransa wayo, ya sani cewa bayan kowace lamba akwai mutum: matar da ke jiran kuɗin gero, ɗan ci-ranin da ya yi dako a rana. Istigfari ɗari na lazimi safe da yamma ba ya sauke haƙƙin bawa sai an mayar masa ko ya yafe. Annabi (SAW) ya ba da labarin wanda zai zo ranar Alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan ya zagi wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biya har ya ƙare. Ƙofar tuba a buɗe take tun rai bai zo maƙoshi ba.

Allah ya tsare 'yan'uwa na gida da na ci-rani daga sharrin macuta, ya sa albarka a cikin nemansu, ya mayar wa wanda ya yi asara da mafi alheri, ya shiryi wanda ya ɓata, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.