Me Za Ka Iya Yi Mana?

A watan Afrilun 1958 kamfanin DC na Amurka ya fitar da mujallar labaran zane mai suna Adventure Comics, fitowa ta 247. A cikinta wasu samari biyu da budurwa ɗaya suka taso daga ƙarni na 30, suka ratso shekara dubu da baya, suka zo neman Superman tun yana saurayi, lokacin da ake ce masa Superboy. Wai so suke ya shiga ƙungiyarsu. Sai dai kafin a ba shi kujera sai ya ci jarrabawa. Otto Binder ne ya rubuta labarin, Al Plastino ya zana, kuma daga nan aka haifi ƙungiyar Legion of Super-Heroes, rundunar matasa masu baiwa da ta yi fiye da shekara sittin ana kashe ta ana ta da ita.

Duniyar da suka zana mana ta ci gaba iya ci gaba. Ana tafiya tsakanin taurari kamar mutum zai je kasuwa, duniyoyi da yawa sun haɗu ƙarƙashin majalisa ɗaya, mai koren fata da mai shuɗi suna zaune teburi guda. Abin da shekara dubu ba ta iya kawarwa ba shi ne layin masu neman shiga a bakin ƙofa, da tambayar da ake yi wa kowannensu: me za ka iya yi mana wanda ba mu da mai yi?

Dokar ƙungiyar kenan a taƙaice. Dole ka zo da baiwa taka ta jikinka, ba ta na'ura ba, ka iya sarrafa ta, kuma an sha kafa hujja da cewa kada ta zama irin ta wani da ya riga ka shiga. In baiwar ta gushe, kujerarka ma ta gushe. Ni da na karanta tsofaffin labaran nan a manyan kundayen da ɗana ke arowa daga laburare, na fi daɗewa a shafukan jarrabawar shiga fiye da na faɗace-faɗace. Yaro yana dariyar masu faɗuwa, ni kuwa fuskokinsu nake kallo.

Akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Da yawa daga cikin jaruman nan, a garinsu ba kowa ba ne. Cosmic Boy yana jan ƙarfe kamar maganaɗisu, amma a duniyarsu Braal kowa haka yake. Saturn Girl tana karanta abin da ke zuciyar mutum, amma a Titan wannan ba labari ba ne. Chameleon Boy yana rikiɗa, duk mutanen Durla rikiɗa suke yi. 'Yan Imsk suna ƙanƙancewa, 'yan Cargg suna rabuwa gida uku. Abin da ya mayar da su gwaraza shi ne sun bar gida sun je inda babu irinsu. Duk wanda ya taɓa barin ƙasarsa da takardar sana'a a jaka ya san wannan lissafin. Ni nas ce a Ingila, kuma mu da muka zo daga Gana, Najeriya, Indiya, Filifin da Zimbabuwe, a gida muna da yawa har wasu na zaman jiran aiki. Nan kuwa an rasa hannu, shi ya sa aka buɗe mana. Ba zagi ba ne, haka abin yake.

To tambayar ita ce: laifi ne a karɓi mutum don amfaninsa?

Zan fara da kare ƙungiyar, don ba na son tausayin da ba ya tunani. A 1963 wani yaro mai suna Polar Boy ya zo neman shiga. Daga Tharr yake, duniya mai tsananin zafi inda mutane ke fitar da sanyi daga jikinsu. Aka ce a'a, bai iya riƙe baiwarsa ba, zai iya daskarar da abokan aiki a tsakiyar yaƙi. Wallahi da ina cikin masu zaɓen da ni ma na ƙi. Ba wanda zai so a ba wa wadda ba ta iya lissafin insulin ba allura ta yi wa mahaifiyarsa don kawai tana da kyakkyawar niyya. Jarrabawar da muka yi kafin a ba mu lasisi a nan, ta Turanci da ta kwamfuta da ta gwajin aiki a gaban masu dubawa, ta ci kuɗi ta ci barci, amma ban taɓa ganin zalunci a cikin ainihinta ba. Aikin da rai ke rataye a kansa dole a tace masu yinsa. Niyya ba ta tsayar da jini.

Kuma akwai daɗi a cikin a buƙace ka, kada mu yi ƙarya. Tsofaffin da nake jinya, abin da ya fi karya su sau da yawa ba ciwon ba ne. Za ka ji dattijo ya ce shi yanzu ba shi da sauran amfani ga kowa, ya juya fuska bango. Ka roƙe shi ya koya wa na gadon kusa yadda ake kunna rediyon asibiti, sai ka ga ya miƙe zaune. Saboda haka duk mai cewa a daina auna mutane da amfani gaba ɗaya bai zauna da wanda aka daina nema ba.

Inda na rabu da ƙungiyar shi ne labarin Ayla. Lightning Lad, ɗaya daga cikin ukun farko, mai harba walƙiya daga hannu, ya mutu a bakin aiki a farkon 1963. 'Yar'uwarsa Ayla, wadda take da baiwa iri ɗaya, ta zo ta tsaya a gurbinsa. Ta yi aikin, ba wanda ya ce ta gaza. Kafin shekara ta ƙare aka dawo da shi duniya, don a labaran nan mutuwa ba ta cika riƙe mutum ba. Nan take yarinyar ta zama rara. A 1964 marubuta suka sa aka sauya mata baiwa, daga walƙiya zuwa rage wa abubuwa nauyi, aka canza mata suna zuwa Light Lass, don walƙiya biyu ta yi yawa a gida ɗaya. Ta yi kusan shekara ashirin a haka kafin a mayar mata da abinta. Babu abin da ya canza a iyawarta ko amanarta. Buƙatar masu gida ce ta canza, sai aka ce ita ce za ta sake halitta in tana son zama. Alhali kuwa a wannan teburin akwai Superboy da Supergirl da Mon-El, mutum uku masu ƙarfi kusan iri ɗaya, ba wanda ya ce ɗaya ya tashi. Dokar ta san wanda take jin tsoro.

Hausawa suna da sunan wannan: a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta. A 2020 mutanen ƙasar nan suna fitowa ƙofar gida kowace Alhamis da ƙarfe takwas na dare suna tafa wa ma'aikatan lafiya. A watan Maris na 2024 aka hana sababbin masu zuwa aikin kula da tsofaffi da naƙasassu su zo da mata ko miji ko 'ya'ya. Mu nas-nas dokar ba ta taɓa mu ba, amma matan da ke wanke tsohuwar wani da asuba ta taɓa su. Hannun ake so, ba a son uwar da hannun ke jikinta. Gwamnati tana da hujjojinta na yawan baƙi da na masu cutar ma'aikata da sunan biza, kuma wasu hujjojin gaskiya ne. Duk da haka saƙon da ya isa kunnen mace mai yara biyu a Kumasi bai da wuyar fassara.

Masanin falsafar nan na Jamus, Kant, ya yi magana a kan haka tun 1785. Abin da na fahimta daga gare shi, bai hana mu amfana da juna ba, don ai direban bas ma amfana nake da shi kullum. Abin da ya hana shi ne mutum ya zama kayan aiki kawai a wurinka. Duk nauyin maganar yana kan “kawai” ɗin nan. Ƙofar aiki tana da haƙƙin tambayar me ka iya. Ɓarnar tana farawa ne idan ita ce kaɗai ƙofar da ke akwai, idan ta nan ake shiga zama ɗan gari, ta nan ake samun abokai, ta nan ake samun wanda zai zo jana'izarka. A ƙungiyar Legion kuwa gidan kwana da wurin aiki da zumunci duk abu ɗaya ne. Wanda baiwarsa ta tafi bai rasa aiki kaɗai ba.

Marubutan sun ji wannan a jikinsu, shi ya sa suka yi ta neman yadda za su lallashi lamirinsu. Dabararsu ɗaya ce kusan kullum: a ba wa rarrauna ranarsa. Matter-Eater Lad, ɗan Bismoll, baiwarsa ita ce yana iya cin komai, ƙarfe ne ko dutse. Shekara da shekaru ana rasa abin da za a yi da shi a labari, har aka tura shi gida ya shiga siyasa. Sai a 1979 aka samu wata na'ura mai hatsari da ba mai iya fasa ta, ya zo ya cinye ta, ya ceci kowa, ya haukace. Mai karatu ya ce Allah sarki, ashe kowa da ranarsa.

Wannan lallashin ne ban yarda da shi ba, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan. In ka ce a girmama rarrauna don wata rana zai yi amfani, ba ka sauka daga ma'aunin ba, bashi kawai ka ba shi. A ɗakin da nake aiki akwai mutanen da ranarsu ba za ta zo ba. Matar da mantuwar tsufa ta cinye har ba ta gane 'yarta, ba za ta farka gobe ta ceci duniya ba. Yaron da aka haifa da ciwon da ba zai bar shi ya yi magana ba, ba wata na'ura da ke jiran ya cinye. Muna juya su duk bayan 'yan awoyi don kada fatarsu ta yi gyambo, muna goge musu baki, muna gaya musu abin da za mu yi kafin mu taɓa su ko da ba amsa. Idan dalilin yin haka shi ne tsammanin sakayya daga gare su, to hauka muke yi. Mu dai an tarbiyyantar da mu a kan cewa karamar ɗan Adam tare da shi aka halicce ta, ba ladan aiki ba ce, kuma abokan aikina da ba su yi imani da komai ba ma haka suke yi da hannunsu, ko da za su ba da wani dalilin daban.

Abin mamaki, labaran sun fi faɗin gaskiya a inda ba su yi niyya ba. Polar Boy da aka kora ya tara 'yan'uwansa korarru suka kafa tasu ƙungiyar, ta 'yan ko-ta-kwana. Akwai Night Girl, mai ƙarfin gaske amma sai cikin duhu, wadda nake ɗauka 'yar'uwata ce a aikin dare. Akwai mai sa tsiro ya girma da sauri, da mai hura wuta. Akwai kuma Stone Boy, wanda ke zama dutse, amma in ya zama ba ya iya motsi. Da babbar ƙungiyar ta shirya musu gasa don ta ɗauki mutum ɗaya, Stone Boy ne ya ci, ya kuma ce ya gode, zai zauna da mutanensa. Polar Boy kuwa bai daina leƙen ƙofar ba, har a shekarun 1980 ya shiga, aka ma zaɓe shi shugaba. Ban ga laifin ko ɗaya ba, na san irin mutanen nan biyu a zahiri.

Kada kuma a manta akwai wata ƙofar a bayan ƙofar. Ƙungiyar ta karɓi kore da shuɗi da ruwan lemo kafin ta karɓi baƙar fata. Jim Shooter, wanda ya fara rubuta musu labari a 1966 yana ɗan shekara 14, ya ce ya so Ferro Lad ya zama baƙi aka hana shi. Sai 1976 aka kawo Tyroc, da bayanin wai baƙaƙen suna can wani tsibiri shi ya sa ba a ganinsu. Ƙarni na 30 ɗin nasu ofishin New York ne na zamanin, da sababbin tufafi.

Kamfanin Marvel ya bi wata hanyar a 1969, da Guardians of the Galaxy na asali, ba na fim ɗin 2014 ba. Su a ƙarni na 31 suke, mutum huɗu, kuma ba wanda ya yi musu jarrabawa. Mahara ne masu suna Badoon suka murƙushe duniyoyinsu, gudun tsira ya haɗa su. A cikinsu akwai Vance Astro, ɗan sama jannatin da aka kwantar barcin shekara dubu don ya zama mutum na farko da zai isa tauraro mafi kusa da mu. Ya bar kowa nasa, ya farka ya tarar mutane sun ƙera jirage masu sauri sun riga shi isa da daɗewa, suna tsaye suna jiransa da tafi. Jikinsa ma sai cikin wata riga ta ƙarfe, in ta yage shekarun za su sauko masa lokaci ɗaya. Da a ce layin Legion ya shiga, wataƙila ƙarfin tunanin da ya samu a barcin ya ba shi kujera, amma ba wanda zai tambaye shi abin da ya rasa. Su ukun da ya haɗu da su, ɗaya daga Jufita, ɗaya daga Fuluto, ɗaya ɗan asalin inda ya sauka, kowannensu ya bar gawar mutanensa a baya, kuma da wannan suka san juna.