Ba Kowace Kyauta Ce Alheri Ba

Tambayar da na kawo mana yau ita ce, shin duk abin da hannu ya miƙa da kyakkyawar niyya alheri ne? Amsar na ɗauko ta ne daga dajin Yankari da ke jihar Bauci.

Wannan daji an keɓe shi domin namun daji tun 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962. Akwai giwaye, ɓauna, gwanki, dorina da mugun dawa. A cikinsa ne idon ruwan Wikki yake ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kina hango yashin ƙasansa. Ɗuminsa maki 31 ne a ma'aunin zafi, dare da rana, damina da hunturu, kuma yana kwarara ne zuwa kogin Gaji, inda dabbobi ke taruwa su sha idan rani ya tsananta.

To, a nan masaukin baƙi na Wikki akwai gwaggon birai da suka yi ƙaurin suna wajen ƙwace. Ki riƙe leda a hannu su fizge, ki bar ƙofar ɗaki a buɗe su shiga su yi miki ta'adi. Kowa sai ya ce kai, biran nan ɓarayi ne! Amma wa ya koya musu? Birin da ke can tsakiyar daji shi da ganin mutum sai gudu, 'ya'yan itace da saiwoyi da ƙwari sun ishe shi. Baƙi ne suka dinga jefa musu burodi da biskit don a yi dariya a ɗauki hoto, har biri ya gane cewa hannun mutum ya fi bishiya sauƙi. Ranar da aka hana shi kuma sai ya ƙwata, a bi shi da sanda da jifa.

Wata za ta ce, haba, ciyar da dabba ai akwai lada. Gaskiya ne, idan yunwa ko ƙishirwa ta kama ta. Amma birin nan ba yunwa yake ji ba, mu ne muke jin daɗin bayarwar. Dubi ruwan Wikki, shi ma bayarwa yake yi bai taɓa fasawa ba, amma bai lalata dabba ko ɗaya ba, domin abin da rai ke bukata yake bayarwa, kuma sai dabba ta tako da ƙafarta ta zo.

Yanzu mu dawo cikin gidajenmu. Yaro ya yi kuka a miƙa masa kuɗin alawa. Ya fasa kwano a yi dariya a ce ai yaro ne. Ya ɗauki canji a kan akwati, uwa ta rufe don kada babansa ya ji. 'Yar uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau da yawa ba don yaron muke yi ba, don mu huta da kukansa ne, ko don kada kishiya ta ce namu ya rasa. Ranar da ya girma ya miƙa hannu a aljihun wani, duniya ba za ta yi masa dariya ba, sanda za ta ɗauka. Shi ya sa magabata suka ce ka so naka duniya ta ƙi shi.

Ban ce mu zama marowata ko masu zafin hannu ba. Yaron da aka hana shi komai shi ma yakan koyi sata. Abin da nake cewa shi ne, kafin ki miƙa ki tsaya ki tambayi zuciyarki, wannan bukatarsa ce ko kwaɗayinsa? Don shi nake yi ko don kaina? Abinci, sutura, karatu da jan sa a jiki, waɗannan a ba shi kullum ba yankewa. Sauran kuwa a bari ya tako ya nema da aikinsa da ladabinsa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.