Baiwa ko Jimiri: Wanne ke Kai Mutum Ƙarshen Tsere?

Sau da yawa mukan yaba wa mai baiwa, mu manta da mai jimiri. Amma wanne daga cikinsu yakan kammala aiki? Rayuwar Haruki Murakami, marubucin ƙasar Japan, tana da abin koya mana a nan.

A 1981 ya rabu da gidan kiɗan da yake gudanarwa a Tokyo domin ya duƙufa ga rubuta littattafai. Zama wuri ɗaya ya sa jikinsa ya yi nauyi, ga kuma yawan shan taba. A 1982, yana ɗan shekara 33, ya soma gudun dogon zango, ya bar taba. Tun daga nan ya sha shiga tseren kilomita 42, a 1996 ma ya kammala na kilomita 100. In yana kan rubuta littafi, yakan tashi da ƙarfe huɗu na asuba, ya yi rubutu awa biyar ko shida, sa'an nan ya fita gudu.

Me ya haɗa ƙafa da alƙalami? Babban littafi yakan ci watanni, marmarin da aka soma da shi kuwa ba ya kaiwa ko rabin hanya. Gudu ya koya masa fita ko a ranar da zuciya ta ƙi, da auna ƙarfinsa domin ya rage na gobe. Sannu sannu kwana nesa.

Kai ma ka san wannan a gonakin Dandume. Ran shuka kowa manomi ne. Noman firi da maimai su ke nuna wanda zai kai masara rumbu.

Kada ka ce to baiwa ba kome ba ce. Kyauta ce daga Allah, ba ka saye ta ba, don haka ba abin fahariya ba ce. Abin da za a tambaye ka shi ne yadda ka riƙe ta a kwanakin gajiya. Shi ya sa Manzo Bulus ya kamanta rayuwar bangaskiya da tsere mai neman horon jiki.

Wane aikin kirki ka ajiye a tsakiya domin ɗoki ya wuce? Koma masa gobe da asuba, ko da kunya ɗaya ce za ka nome. Ubangiji ya ba mu jimiri. Amin.